AMSAR WASIƘUN MASU SAURARO: Takardun Fam da Sule na Zamanin Turawa, Kuɗi Ne ko Tarihi?

 A wannan mako mun ware wasiƙu uku waɗanda duk maganarsu ɗaya ce, watau tsofaffin takardun kuɗi na zamanin da. Biyu daga cikin masu wasiƙun sun roƙi kada a ambaci sunayensu, saboda haka za mu sakaya sunan kowa, mu faɗi gari kawai.

TAMBAYA TA FARKO

Wannan ta fito ne daga wani bawan Allah a Argungu. Ya ce bayan rasuwar mahaifinsu sun buɗe wata tsohuwar adaka ta kakansu, suka tarar da takardun kuɗi ƙunshe cikin tsumma, na fam guda guda 30, na sule goma guda 14, dukkansu da hoton bishiyar kwakwa, kuma an rubuta West African Currency Board a jikinsu. Ya ce wani mutum ya zo ya taya, ƙannensa kuwa sun ce ba a sayarwa sai an raba gado, har magana ta fara tsami a gidan. Yana tambaya: banki zai canza musu? In ba zai canza ba, mene ne darajarsu?

AMSA

To malam, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kyauta namu zuwan. Amsar tambayarka ta farko gajeriya ce: babu bankin da zai canza muku su. Waɗannan takardu sun daina zama kuɗi a Nijeriya tun ran 1 ga watan Yuli na 1962. Amma kada ka ce tun da haka ne a zuba su a murhu. Bari in ba ka labarinsu tukuna, domin sai ka san asalin abu kake sanin abin da za ka yi da shi.

Kafin zuwan Turawa, kuɗin ƙasar nan wuri ne. Ita kanta kalmar kuɗi jam'in wuri ce. Daga tekun Indiya ake kawo shi, musamman tsibiran Maldif, daga baya kuma aka riƙa jibgo wani iri daga wajen Zanzibar har ya yi yawa darajarsa ta faɗi. Wuri zambar ashirin, watau 20,000, shi ake ƙullewa a tabarma a ce keso guda, kuma keso guda kayan ƙato ne. Baturen nan matafiyi Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya tarar a Kano a 1851 ana ba da wuri 2,500 a kan liyari guda na azurfa. Shi ne kuma ya ratsa ta Gwandu da Birnin Kebbi a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Tumbuktu. Ka ga ke nan mai cinikin doki ko sa a wancan zamani sai ya nemi jaki ya ɗaukar masa kuɗin.

Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, ba su daɗe ba suka hana shigo da wuri a 1904. Daga nan suka fara kawo nasu ƙarfen. A 1907 aka buga anini da kwabo masu huji a tsakiya, ga tauraro mai tsini shida, ga rubutun Larabci. An ce hujin domin a zura su a igiya ne kamar yadda aka saba. Lissafin kuwa ga shi, ku yara ku riƙe: anini 10 kwabo guda, kwabo 3 taro, kwabo 6 sisi, kwabo 12 sule, sule 2 dala ko fataka, sule 20 fam guda, fam 100 kuma jaka. Abin da ya tilasta wa talaka neman waɗannan ƙarafa shi ne haraji da jangali, domin hukuma ta ce da su za a biya. Wanda bai da sule dole ya sayar da shinkafa ko busasshen kifi ko fata ya samo.

A 1912 aka kafa hukumar da ka ga sunanta a jikin takardunku, watau Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma. Mazauninta London ne, kuma ƙasashe huɗu take bugawa kuɗi: Nijeriya, da Gana wadda a lokacin ake kira Gwalkwas, da Saliyo, da Gambiya. Sule ɗaya ne daga Argungu har bakin teku a Gambiya. A 1913 ta fito da sulallan azurfa, jama'a kuwa suka karɓa hannu biyu, domin azurfa ko hukuma ta ƙi ta, maƙeri zai narkar ya yi mundaye.

Takarda ba ta shigo ba sai 1916, a tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, lokacin da azurfa ta yi tsada, sulalla suka yi ƙaranci. Aka fito da ta sule 2, da ta sule 10, da ta sule 20. A 1918 aka ƙara ta sule guda, har gwamnatin Ikko ita ma ta buga wasu na gaggawa a ƙarshen wannan shekara. Kamfanin Waterlow na London shi ya daɗe yana buga wa hukumar. Ka duba naka da kyau, ba za ka ga kan Sarkin Ingila ba, sai bishiyar kwakwa. A baya kuma za ka ga rubutu da baƙaƙen Larabci mai faɗin ko nawa ce takardar, domin Turawa sun san masu karatun allo sun fi masu boko yawa nesa ba kusa ba.

To kakanninmu fa ba su yi maraba da takarda ba. Manomi ya kawo kayansa a ba shi takarda, sai ya ce a'a, a ba shi ƙarfe. A wurare da yawa ba a karɓarta sai da ragi, ka ba da takardar fam a ba ka ƙasa da sule 20. Wasu na cewa duhun kai ne. Ni kuwa na ce hankali ne. Mutumin da ke kwana a ɗakin ciyawa, ga gobara da hunturu, ga gara, ga ambaliyar gulbi da damina, ga masunci da ke yini cikin ruwa a Matan Fada, ina zai kai takarda? Kuma ko ƙarfen ma ba a bar musu yadda yake ba, domin a 1920 aka janye azurfa aka kawo sule na farin ƙarfe da tagulla.

Yanzu ga gundarin maganar, malam, ka saurara. In ka sami mai jin Turanci ya karanta maka gaban takardar, abin da aka rubuta shi ne hukumar ta yi alkawari za ta biya sule kaza duk lokacin da aka nema. Ka ji ko? Alkawari ne. Takardar ba ita ce dukiyar ba, shaida ce ta bashi. Kuma a lokacin alkawarin yana da ƙarfi, domin kowane fam da aka saki a nan akwai fam na Ingila da aka ajiye a London a madadinsa. Bankin da ke yi wa hukumar aiki a nan shi ne wanda daga baya ya zama First Bank. Wannan tsari ya sa kuɗin ba ya faɗuwa kullum, amma kuma yana da illarsa: ajiyar da gumin manoman gyaɗa da auduga da koko ya tara, a can Ingila ake juya ta, mu nan ba mu da ikon cewa a ƙara ko a rage. Wannan na cikin dalilan da suka sa 'yan siyasarmu suka dage sai an kafa bankin ƙasa.

Aka yi dokar Babban Bankin Nijeriya a 1958, ya fara aiki ran 1 ga Yuli 1959 da takardunsa na sule 5, sule 10, fam 1 da fam 5. Aka ba mutane shekara uku su kai tsofaffin a canza musu. Kakanku, ko dai labari bai kai masa ba, ko ya ɓoye ya manta, ko ajali ya riske shi bai faɗa wa kowa ba. Da wa'adi ya cika, alkawari ya mutu.

Mu malaman makaranta ba ma barin magana ba lissafi. Fam 30 da takardun sule goma guda 14, watau fam 7, ya zama fam 37. Ran 1 ga Janairu 1973 da aka shigo da naira, fam guda naira 2 ne, sule guda kwabo 10. Saboda haka fam 37 naira 74 ke nan. A zamanin kakanku wannan kuɗin shanu ne, dukiya ce ta gaske. Yau ko da banki zai yi muku alfarma, naira 74 ba ta sayi gwangwanin shinkafa ba. Wannan shi ne abin da za ku ɓata zumunci a kansa?

Sai dai akwai wata daraja ta biyu, ta masu tara kayan da. Za ka ji yadda ake auna ta a amsa ta uku. Shawarata gare ku ita ce kada ku sayar wa wanda ya fara tayi, domin ba ku san abin da ya gani ba. Ku zauna ku duka magada, a gaban dattawa biyu, a ƙirga takardun, a rubuta shekarar kowace da lambarta, kowa ya riƙe kwafi. In an bincika an ga suna da kasuwa, to abin da aka samu ya shiga cikin gado, malamai ko alƙali su raba yadda shari'a ta ce. In kuwa ba wani abin kirki ba ne, kowane ɗaki ya ɗauki 'yan ƙwaya ya ajiye wa 'ya'yansa. Kuma ga ku ga Gidan Tarihi na Kanta a garinku, tsohuwar fadar Sarkin Kabi da aka mayar gidan ajiye kayan tarihi a 1958. Ku je ku nuna musu, ku ji ta bakinsu.

TAMBAYA TA BIYU

Wani ɗan kasuwa daga Birnin Kebbi ya ce wasu baƙi sun nuna masa damin takardun kuɗin Jamus masu lamba 1000, da shekarar 1910 a jiki. Sun ce na zamanin sarkin Jamus ne, kuma akwai Turawa da ke biyan miliyoyi a kan kowace. Suna so ya saya, ko ya ba da kuɗin gwaji da na mota a kai su Abuja a raba riba. Ya ce yana shirin sayar da shinkafarsa ta bana ya shiga.

AMSA

Alhaji, don Allah ka bar shinkafarka a rumbu. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ita wannan takarda gaskiya ne akwai ta, mark 1000 ce ta daular Jamus, kuma a 1910 kuɗi ne mai nauyi. Amma Jamus ta sha kashi a yaƙi a 1918, sarkinta ya sauka, gwamnati ta ci gaba da buga wannan takarda da tsohuwar shekararta har bayan yaƙi, ta buga wasu kuma ba ƙidaya. A watan Nuwamba na 1923 sai da dalar Amurka guda ta kai mark tiriliyan 4.2. Mutane suka riƙa hura wuta da kuɗi domin sun fi itace araha. Waɗannan takardu suna nan jibge a Turai, ana sayar da su a kasuwar tsofaffin kaya kamar kuɗin shan shayi. Haka na sarakunan Rasha, ta rubul 100 ta 1910 da ta rubul 500 ta 1912, manya ne, kyawawa ne, amma bayan an kifar da sarauta a 1917, daga baya suka zama ado. Babu ofishin jakadanci ko banki da ke fansarsu.

Ka yi wa kanka tambaya ɗaya, Alhaji. Mutumin da ke riƙe da abin miliyoyi, me zai hana shi kuɗin mota zuwa Abuja? Me ya sa ya wuce 'yan'uwansa da abokansa ya zo wurinka? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk cinikin da aka ce ka fara biyan kuɗin gwaji, ko kuɗin wanki, ko aka ce kada ka gaya wa kowa, to damfara ce. Irin wannan ake yi da anini da kwabo mai huji, a ce wai akwai wani sinadari ko sirri a cikinsu. Babu komai sai ƙarfe. Akwai ma kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga sarauta a watan Disamba na wannan shekarar. Labarinsa da daɗi, amma an buga shi da yawa ƙwarai, saboda haka ba shi da wata tsada.

Tun da muna bakin iyaka, in ƙara maka da na maƙwabta. Masu fatauci ta Kamba da Kangiwa zuwa Gaya da Doso sukan tsinci takardun Faransa na da, na bankin da Faransawa suka kafa a 1901 domin ƙasashensu na Afirka ta Yamma, kafin a ƙirƙiro sefa a watan Disamba na 1945. Su ma hukuncinsu ɗaya da na fam: tarihi ne, ba a kashe su a kasuwa.

TAMBAYA TA UKU

Wata ɗaliba daga unguwar Badariya a Birnin Kebbi ta ce kakarta ta ba ta takardar sule goma da anini biyar, abin ya ba ta sha'awa, tana so ta fara tarawa. Tana tambaya yaya ake gane mai daraja, kuma yaya ake adana su.

AMSA

Madalla da ke, ƙanwata. Ke ce kika kama hanyar da ta dace, domin kin zo da sha'awar sani, ba ta neman arziƙin dare ɗaya ba. Masu wannan harka a duniya abu uku suke dubawa.

Na farko ƙaranci. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada, sai in abin ya yi wuyar samu. Takardun hukumar na shekarun 1916 zuwa 1920 su ne masu wuya, haka na gaggawa na Ikko na 1918, haka kuma manyan na fam 5. Amma na fam guda da sule goma na shekarun 1940 da 1950, musamman sabon zubin 1953 mai hoton gulbi a gaba da masu aikin gona a baya, waɗannan suna da yawa a hannun mutane.

Na biyu lafiyar takarda. Wadda ba a taɓa ninkewa ba, ba datti, ba huji, tana iya ninka tsohuwar 'yar'uwarta sau da yawa. Wadda gara ta ci ko manja ya taɓa, sai dai a ajiye don tunawa.

Na uku shekara da sa hannu da lamba. Takardu biyu na iya kama da juna amma shekarar ɗaya ta fi ta ɗaya wuyar samu. Kuma ki yi hattara da jabu, domin yanzu injin ɗaukar hoto na iya kwaikwayon komai. Kada ki sayi mai tsada sai wanda ya san abin ya duba miki.

Game da adanawa kuwa, ga abin da ba a yi. Ba a wankewa, ba a gogewa da dutsen guga, ba a liƙewa da salatif ko gam, ba a ɗaurewa da roba, kuma ba a kai ta a manne ta cikin leda da zafi kamar katin shaida, domin wannan yana kashe darajarta gaba ɗaya. Ki shimfiɗa kowace tsakanin farar takarda biyu masu tsabta, ki sa cikin gwangwani mai murfi, ki ɗora a sama nesa da ƙasa da jikin bango saboda gara da danshin damina. Kada rana ta riƙa dukanta. In za ki taɓa, ki wanke hannu ki shanya. Anini da kwabo su ma kada ki dirje su da toka ko lemun tsami don su yi ƙyalli.

Sannan ga abin da ya fi duka muhimmanci. Ki sami littafi ki zauna da kakarki tun tana da rai. Ki tambaye ta wa ya ba ta takardar nan, nawa aka biya sadakinta, nawa ake sayar da mudun gero da turmin atamfa, da me aka biya haraji a gidansu. Ki rubuta. Takardar sule goma ana samunta a London ko a intanet, amma labarin abin da sule goma ke saye a kasuwar Birnin Kebbi ko ta Argungu a bakin tsofaffinmu kawai yake, kuma kullum suna tafiya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 kwabo guda ake sayar da ita, daga nan ta sami sunanta. Yau yara nawa ne suka taɓa riƙe kwabo? Muna cewa wane ba shi da ko anini, ko sisin kwabo, muna ce wa naira 200 jaka, amma kaɗan ne suka san cewa fam 100 ce ta koma naira 200 a 1973.

Ki fara da abin da ke kusa: na hukumar Turawa, sai fam na 1959, sai na 1965 bayan mun zama jamhuriya, sai na 1968, sai naira ta farko, sai ta 20 mai hoton Janar Murtala ta 1977. Ki lura da ajami a jikinsu tun daga na Turawa, har zuwa 2007 da aka cire shi daga ƙananan takardu. In kin je Abuja, Babban Banki yana da ɗakin tarihin kuɗi, ki nemi izini ki shiga. Wanda kuma ke tunanin fitar da wani kayan tarihi waje, ya fara tuntuɓar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, domin akwai doka a kan haka tun 1979.

KAMMALAWA

Jama'a, darasin adakar Argungu bai tsaya ga mutanen da ba. A watan Janairu na 1968, ana cikin yaƙin basasa, an canza kuɗi. A watan Afrilu na 1984 an canza launin naira, aka ba mutane ƙasa da mako biyu, masu tulu da masu rami suka yi kuka. A farkon 2023 kuma kowa ya ga layin banki da yadda ciniki ya tsaya saboda sauyin takardun 200 da 500 da 1000, har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki. Kuɗin takarda alkawarin hukuma ne, hukuma kuwa tana canzawa, ko ba ta canza ba tsada na cin takardar tana kwance. Mai ɗan abin hannu ya sa shi a gona, ko dabba, ko sana'a, ko karatun yara. Abin da ya rage ya kai banki, kuma ya gaya wa wani amintacce inda ajiyarsa take, domin ba wanda ya san gawar fari.

Nan za mu dakata. Masu tambaya a kan wurin binne kuɗi da aka tono a gona, wasiƙunku sun iso, za mu taɓa su mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku ci gaba da rubuto mana, a rubuta da kyau, a faɗi gari. Allah ya ba mu wuri na halal, ya sa albarka. Ku huta lafiya.